'Yan Rakiyar Kalmomi: Abin da Na Gano a Birmingham

Shekara 26 na yi ina koyar da Turanci a makarantar sakandare kafin Allah ya nufe ni da taka ƙasar masu harshen. A tsawon shekarun nan akwai tambaya guda da nake jin nauyinta har cikin raina. Yaro zai rubuta *she is married with a doctor*, in sa jan biro in kashe *with* in rubuta *to*, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya sa?" Amsar da na gada wurin malamaina ita nake ba shi: haka Turawa suke faɗa, ka haddace. Yaron zai zauna, amma ni da shi mun san ƙishinsa bai gushe ba.

'Yar ƙanwata ce sanadin tafiyar. Tana karatun digiri na biyu a fannin nazarin harshe a Jami'ar Birmingham, sai Allah ya ba su ƙaruwa ita da maigidanta, dangi suka ce ni zan je in ga jinjiri in sa masa albarka a madadin kowa. A watan Oktoba na tashi daga Abuja, na sauka Landan da sanyin safiya, surukin namu ya tarye ni, muka nufi tashar Euston muka hau jirgin ƙasa. Tun a nan na zaro ɗan littafin da ke aljihuna, domin Turancin da na saba rubutawa a allo sai ga shi manne ko'ina. A ƙofar wani banɗaki an rubuta *out of order*. A jikin kwalin abinci, *suitable for vegetarians*. Murya ta fito daga lasifika tana cewa *we apologise for the delay*. A kujerar da ke gabanmu wani yaro da bai wuce shekara biyar ba yana faɗa wa uwarsa *I'm not scared of dogs*.

Waɗannan ƙananan kalmomi, su *of* da *for* da *with* da *at* da *to*, Turawa na kiransu *prepositions*, malamanmu na zaure kuma suna kiran takwarorinsu na Larabci haruffan jarra. Ni 'yan rakiya nake ce musu, don ba sa tafiya su kaɗai, manyan kalmomi ma ba su cika fita ba su ba. Su ne ke sa ɗalibaina gumi. A jirgin nan kuwa, daga mai duba tikiti har ɗan yaye, kowa na ajiye su a mazauninsu bai ko tsaya tunani ba.

Birmingham ita ce birni na biyu a girma a Ingila, mutanenta sun haura miliyan ɗaya. Garin maƙera ne tun asali, da ƙarfe da masana'antu ya yi suna, kuma har yau hanyoyin ruwan da aka haƙa don jigilar kwal da kaya a kwale-kwale suna ratsa shi, an gyara bakinsu mutane na shan iska. A ƙidayar 2021 kusan kashi 30 cikin 100 na mazauna garin Musulmi ne, don haka ban sha wuyar masallaci ko abincin halal ba. A titin Coventry da ke unguwar Small Heath, ƙamshin gasasshen nama ya tuna mini bakin tashar garinmu bayan magariba. Yayyafi kuwa kusan kullum, siriri, ba tsawa ba guguwa.

Ranar da na cika kwana huɗu, 'yar tawa ta bar jinjiri wurin maigidanta ta ce, "Kawu, yau sai ka ga makarantarmu." Daga tashar New Street tafiyar ba ta kai minti goma ba, jirgin na bin gefen ruwa har ya tsaya a wata tasha da sunanta ma Jami'a. Kana fita za ka hango doguwar hasumiyar agogo ta jan bulo, tsawonta wajen mita 100. Old Joe suke ce mata, saboda Joseph Chamberlain, wanda ya tsaya tsayin daka har jami'ar ta samu takardar kafuwa a 1900. Ta nuna mini ginin da ke ɗauke da ɗakin adana tsofaffin takardu na Cadbury. A can ake ajiye waraka biyu na Alƙur'ani mai girma da aka auna shekarun fatarsu, aka sanar a 2015 cewa ta faɗo tsakanin shekarar 568 da 645 Miladiyya. Na tsaya na daɗe ina kallon ginin. Na ce a raina, lallai wannan gida ne da ya san darajar ajiye magana.

Muna tafe ta ce, "Kawu, ka tuna ƙamus ɗin nan COBUILD da ke kan kantarka, wanda kake hana mu taɓawa da hannun miya? A nan aka haife shi."

Labarin ya faro ne daga wani malami mutumin Edinburgh, John Sinclair, wanda ya zama farfesan Turancin zamani a Birmingham a 1965, ya riƙe kujerar har 2000, ya rasu a 2007. A 1980 jami'ar ta haɗa hannu da kamfanin buga littattafai na Collins, Sinclair ya jagoranci aikin. Abin da suka ƙudurta shi ne su daina tambayar kansu yadda ya kamata a yi Turanci, su je su ga yadda ake yinsa. Suka tara littattafai da jaridu da mujallu da hirarrakin da aka ɗauka a kaset, suka zuba a kwamfuta. Da fari kalmomi miliyan 7 da 'yan kai suka samu, kafin ƙamus ya fito a 1987 rumbun ya kusa miliyan 20. A 1991 aka raɗa masa suna Bank of English, daga baya ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Duk kalmar da za a yi wa bayani, sai an fito da wuraren da ta bayyana, ma'aikata su bi su layi-layi. Misalan da ke cikin ƙamus ɗin daga bakin mutane da alƙalaminsu aka ɗebo su. Bayanin kalma kuma da cikakkiyar jimla ake yinsa, kamar yadda uba zai yi wa ɗansa, ta yadda 'yar rakiyar kalmar za ta fito a cikin bayanin kansa.

Wannan ne ya fara kama zuciyata. Mutum ne da ya sha harshen nan a nono, ya karance shi har ya zama farfesa, amma ya yarda cewa abin da ke kansa bai isa hujja ba, sai ya saurari jama'a. Littafinsa na 2004 ma sunansa *Trust the Text*, wato ka amince wa nassi. Ƙanƙan da kai irin wannan a gaban ilimi abu ne da na yi wa mutanen gidan nan sha'awarsa.

Muka shiga ɗakin karatu, ta buɗe kwamfutarta ta ce, "Kawu, zaɓi kalma." Na zaɓi mai sauƙi, *good*. Ta danna, sai allon ya cika da layuka, kowane layi guntun zancen wani mutum ne daban, amma kalmar tawa ta tsaya a tsakiyarsu ɗoɗar, sama da ƙasa, kamar sahun da liman ya daidaita. Ta sa kwamfutar ta jera su bisa kalmar da ke biye. Nan na ga abin da shekara 26 ban gani a dunƙule ba.

*Good at* ya taru wuri guda, bayansa kuma duk ayyuka ne da fannoni: lissafi, ƙwallo, girki, sauraro. Gwaninta ke nan. *Good for* ya taru, bayansa lafiya da kasuwanci da yara da ƙasa, wato amfani. *Good with* na biye da yara, dabbobi, kuɗi, hannu: mutumin da ya iya da abu, ya san lagonsa. *Good to* na biye da mutane, ma'anarsa kyautatawa. Sai *good of you*, wanda yabo ne ga wanda ya yi wani abin kirki. Sifa guda, ƙofa biyar, kuma 'yar rakiya ce ke riƙe da mabuɗin kowace ƙofa.

Ta ce, "Kawu, yanzu mu juya abin. Mu bar sifar, mu kama 'yar rakiyar, mu ga su wa take bi."

Da muka nemi sifofin da *at* ke bi, sai ga *bad*, *brilliant*, *hopeless*, *skilled*, dangin iyawa da rashin iyawa. Da muka koma kan *of*, sai suka rabu gida-gida. Ga gidan tsoro: *afraid*, *scared*, *frightened*, *terrified*. Ga gidan abin da zuciya ke ji game da wani: *proud*, *fond*, *ashamed*, *jealous*. Ga gidan sani: *aware*, *conscious*, *ignorant*. Ga na cika da rashi: *full*, *short*, *devoid*. *About* kuwa ya fi zama da damuwa da ɗoki, su *worried*, *anxious*, *nervous*, *excited*.

Sai muka zo kan *to*. Gida na farko na mu'amala ne: *kind to*, *cruel to*, *rude to*, *polite to*. Na biyu na kamanni: *similar to*, *equal to*, *identical to*. Na uku shi ne ya sa na gyara zama: *related to*, *connected to*, *attached to*, *engaged to*, *married to*. Dangin ɗauri ne da haɗi. Bature na ganin aure a matsayin igiyar da ta ɗaure wannan ga wancan, shi ya sa kalmar ta ɗauki 'yar rakiyar 'yan'uwanta. Mu ma ai igiyar aure muke cewa. *Married with* ma yana nan a allon, sai dai abin da ke biye da shi 'ya'ya ne: *married with three children*, mai aure da 'ya'ya uku. Amsar da ɗalibaina suka yi shekaru suna nema, ga ta a gabana cikin layukan da ba su kai tsawon tafin hannu ba.

Wannan shi ne babban abin da aka gano a Birmingham: kalmomin da suka yi tarayya a zubi sukan yi tarayya a ma'ana. Gill Francis da Susan Hunston da Elizabeth Manning sun bi rumbun nan sun fitar da littafi kan zubin aikatau a 1996, da na sunaye da sifofi a 1998. A 2000 Hunston da Francis suka bayyana tunanin gaba ɗaya a littafinsu *Pattern Grammar*.

Sunaye ma haka suke. Buƙata da marmari suna tafiya da *for*: *need for*, *demand for*, *desire for*, *thirst for*. Hawa da sauka da canji suna tafiya da *in*: *increase in*, *rise in*, *fall in*, *change in*. Abin da ke faɗa wa wani ko ya danne shi yana ɗaukar *on*: *attack on*, *ban on*, *tax on*, *effect on*. Abin da ke buɗe matsala kuma *to* ne abokinsa: *answer to*, *solution to*, *key to*. Idan 'yar rakiyar ce ta shige gaba, nan ma akwai dangantaka. *Under pressure*, *under attack*, *under arrest*, *under control*, duk hali ne na wanda wani ƙarfi ke bisa kansa. Wani lokaci kuma harafi guda ne ke raba ma'ana: jirgin da ya zo *on time* ya zo daidai lokacin da aka tsara, fasinjan da ya zo *in time* ya iso kafin jirgi ya tashi. Wanda yake *in charge of* yara shi ke kula da su, yaran da suke *in the charge of* wani su ake kula da su. Kalma guda, *the*, ta mai da mai tsaro abin tsaro.

Na ce, "To 'yata, kowace kalma tana bin dangi ke nan?"

Ta ce, "A'a, Kawu, akwai masu fita zakka." Ta nuna mini *interested in* da *interest in*, inda suna da sifa suka riƙe abokiya ɗaya, sannan *proud of* da *pride in*, *fond of* da *fondness for*, inda suka raba hanya. *Reason* na son *for*, *cause* kuma ya fi son *of*, alhali maƙwabtan juna ne. Har tsakanin masu harshen akwai saɓani: a Ingila za ka ji *different from* da *different to*, a Amurka za ka ji *different than*, Ingila *at the weekend*, Amurka *on the weekend*. Na ji daɗin yadda ba a ɓoye waɗannan ba. Inda akwai tsari an nuna shi, inda al'ada ce zalla an faɗa, kuma abin da ya rage wa hadda ya ragu ƙwarai.

Misalin da ya fi zauna mini shi ne wanda Sinclair ya tattauna a wata maƙala ta 1996, wato *naked eye*. In ka fassara kalmomin ɗaya-ɗaya, ido tsirara za ka samu, abin da ba ya nufin komai. Da ya jera layukan, ya ga kusan kullum *the* na gabansu, gaban *the* kuma akwai *to* ko *with*, gaban wannan kuma kalmar gani, kamar *visible* ko *see*. Bisa duka kuma akwai wani ƙamshin ma'ana na wahala: abin ƙarami ne, ko dishi-dishi, ko yana nesa, da ƙyar ake ganinsa. Ma'anar tana shimfiɗe a jikin jerin gaba ɗaya. Ina karantawa na tuna daren 29 ga Sha'aban, jama'a a kan tudu bayan gari an zuba wa yamma ido ana neman jinjirin wata. Ainihin halin da zancen ke ɗauke da shi ke nan.

A hanyarmu ta komawa gida muka hau bas, ta cika, wata tsohuwa ta shigo da sanda. Na tashi na ba ta kujera. Ta dube ni ta ce, *that's very kind of you*. Zubin da na gani a allo awa biyu da suka wuce, ga shi ya fito daga bakin mutum da ɗuminsa.

Layin jirgin da ke wucewa ta jami'ar, in ka bi shi arewa, yana kai ka Lichfield, garin da aka haifi Samuel Johnson a 1709. Mun je ranar Asabar, mun shiga gidan da aka haife shi a bakin kasuwa, wanda yanzu gidan tarihi ne. Johnson ya yi ƙamus ɗinsa na 1755 ne ta hanyar karanta littattafai yana ja wa jimloli layi, magatakardansa na kwafewa a guntayen takardu, har misalan suka haura 100,000. Ashe al'adar tara magana kafin a yanke mata hukunci tsohuwa ce a wannan yanki. Sai dai wahalar baƙo ce ta ƙara buɗe wa 'yan gida ido. Ƙamus ɗin Oxford na masu koyo, wanda kusan duk wanda ya yi sakandare a Nijeriya ya taɓa riƙewa, A. S. Hornby ya tsara shi ne yana koyarwa a Japan, ganin inda ɗalibansa ke tuntuɓe. A Tokyo aka fara buga shi a 1942, kafin Oxford ta ɗauka a 1948. Tuntuɓen ɗalibi ashe ilimi ne ga malamin da ya tsaya ya duba dutsen.

Da na duba dutsen da nawa ɗaliban ke tuntuɓe da shi, sai na ga sunansa "da". Muna cewa cike da, kusa da, nesa da, kama da, daban da, aure da. Kalma guda tamu tana aikin da Turanci ya raba wa *of* da *to* da *from* da *with*. Yaron da ya rubuta *full with water* hankalinsa na aiki daidai, Hausarsa ce ke rako shi. Kuma abin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna gaban malamin zaure. A Larabci *raghiba fihi* ya so abu ne, *raghiba anhu* ya juya masa baya. *Da'a lahu* ya yi masa addu'ar alheri, *da'a alaihi* ya roƙa masa sharri. Malamanmu ba sa ba almajiri fi'ili sai da harafinsa. Hausa kanta cike take da irin wannan zumunci. Fat na fari ne, ƙirin na baƙi, shar na kore, ba wanda ke shiga gidan wani. Muna cin kasuwa, cin bashi, cin amana, cin jarrabawa, muna shan iska, shan wahala, shan alwashi. Ba Bahaushen da zai ce ya sha amana. Sassan jikinmu ma mun mai da su 'yan rakiya: kan tebur, cikin ɗaki, bayan gida, bakin kogi, gindin bishiya.

A ɗakin adana takardun nan na Cadbury ake ajiye takardun ƙungiyar mishan ta CMS, wadda ma'aikacinta J. F. Schön ya fitar da ƙamus na Hausa a 1876. Mafi yawan Hausar da ya rubuta a littafinsa *Magana Hausa* daga bakin Dorugu ya ɗauke ta, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram da wani matafiyi mai suna Barth ya kai Ingila a 1855. Wani Bature mai suna Bargery ma sai da ya shafe shekaru yana zaga ƙasar Hausa yana sauraro kafin ƙamus ɗinsa ya fito a 1934. Duk aikin kirkin da aka taɓa yi wa harshenmu da kunne aka fara shi. Hausa ta cancanci 'ya'yanta su yi mata irin hidimar da aka yi wa Turanci a Birmingham: a tara zancen kasuwa da na rediyo da na tsakar gida da na littattafan marubutanmu, a jera shi sahu-sahu, a ga wace kalma ke zama da wace.

Na yi kwana 12 na dawo. Ranar Litinin ta farko na shiga aji na rubuta a allo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya: *related to*, *attached to*, *connected to*, *engaged to*. A layi na biyar na rubuta *married* na bar gurbi. Ban ce komai ba. Wata yarinya a layin baya ta taso ta karɓi alli ta cike gurbin, sannan ta juyo ta ce, "Malam, ai duk ɗauri ne." Daga ranar na daina ba su sifa ko suna shi kaɗai a jerin kalmomin mako, kowanne da 'yar rakiyarsa da danginsa yake zuwa.

Na kuma ba su wani aikin gida da ba ya cikin manhaja. Kowa ya kasa kunne a gida da kasuwa da majalisa, duk jimlar Hausa da ya ji da "da" a cikinta ya rubuta ta a guntuwar takarda yadda aka faɗe ta, kada ya gyara. Kwalin sabulu na samo na ajiye ƙarƙashin teburina. Ranar Alhamis bayan an tashi mukan zazzage shi a kan benci, mu ware takardun gida-gida. Makon jiya wani yaro ya kawo abin da ya ji kakarsa ta faɗa wa ƙaninsa: "Ka yi hankali da wuta, ka yi haƙuri da mutane." Muka daɗe muna shawarar ko gida ɗaya za mu sa su, ko biyu.